Mako na tara a kan faifai: daga kilo 3 zuwa kilo 8

'Yan'uwa masu koyon ginin tukwane, yau mako tara ke nan da na bar ƙananan kwanuka na koma ga manyan tukwane, kuma sai jiya na samu randa ɗaya da ta tsaya da gindinta ba tare da ta karkace ba.

Da farko na ɗauka ƙarfin damtse ne ba ni da shi, domin curin yumɓu mai kilo 8 yakan yi ta jijjiga ni har kafaɗuna su yi tsami. Da na raba curin biyu, na fara daidaita kilo 4 a tsakiyar faifai, wato abin nan mai juyawa da ake gina tukunya a kansa, sannan na ɗora sauran a kansa, gwiwar hannuna tana dogare da cinya, sai jijjigar ta lafa. Na kuma rage gudun faifan ƙwarai, saboda gwargwadon faɗin tukunya, gwargwadon yadda juyin yake jan jikinta zuwa waje.

Ruwa ne ya fi cutar da ni. A mako na shida wata tukunya ta kai tsawon santimita 35, ina ta yayyafa mata ruwa don kada yatsuna su kama, ban lura cewa ya taru a cikin gindinta ba. Ina gani jikinta ya fara murɗewa daga ƙasa kamar rigar da ake matsewa bayan wanki, sannan ta sulale ta zauna. Tun daga ranar nake shafa kwaɓin yumɓu mai ruwa-ruwa a hannu, nake kuma tsane cikin tukunya da soso da na ɗaura a kan sanda duk lokacin da na ja jikinta sama.

Randar jiya kashi biyu na gina ta. Na auna bakin kowane kashi don su zo daidai, na bar na ƙasan ya kwana har ya yi taurin da zai ɗauki nauyi, na karce bakunan, na shafa kwaɓi, na kifa na saman, sannan na ci gaba da ja a hankali. Akwai masu ganin wannan a matsayin yanke hanya, amma a ganina haɗa mahaɗar ta ɓace ya fi jan curi guda wuya.

Yanzu tsawonta santimita 50 ne, kuma da yake irin yumɓun da nake aiki da shi yana raguwa da kusan kashi 12 cikin 100 tsakanin bushewa da gashi, ina sa ran za ta koma wajen 44. Na danne gindin sosai tun wurin gini don gudun wata tsaga mai lanƙwasa da kan fito a gindin tukunya yayin bushewa, na kuma lulluɓe ta da leda, domin baki yakan riga gindi bushewa. Ba za ta shiga tanderu ba sai bayan mako biyu, kuma kowace safiya zan riƙa bin mahaɗar da yatsa, musamman wani wuri a gefe guda da nake jin ya ɗan fi sauran kauri.