Rarar Harajin Albashi: Abin da Ke Hana Ta Dawowa da Wuri

Ƙannena da kuka fara aikin albashi a Kaduna, harajin da ake cirewa daga albashinku duk wata ƙiyasi ne. Akanta yana ɗauka za ka yi wata goma sha biyu kana karɓar wannan albashin, sai ya lissafa harajin shekara ya raba shi wata-wata. Tsarin da ake kira PAYE ke nan. Idan ka bar aiki a tsakiyar shekara, ko ba a sa maka rangwamen da doka ta ba ka a kan fansho, asusun gidaje na ƙasa ko inshorar rai ba, to an cire fiye da abin da ake binka. Wannan rarar hakkinka ce, kuma doka ta yarda ka nema.

Ni na nemi tawa, na sha jira, kuma yawancin jiran ni na jawo wa kaina.

Wata shekara na bar wani kamfani da damina, ban samu wani aikin ba har shekara ta ƙare. A lokacin haraji yana hawa mataki-mataki daga kashi 7 zuwa kashi 24 cikin 100, kuma an yi ta cire mini a matakin wanda zai ci albashin shekara cikakkiya. Da wani abokina akanta ya nuna mini haka, sai na tashi na tafi ofishin haraji hannu rabbana. Ban taɓa ajiye takardar albashi ko ɗaya ba. Saƙon banki kawai nake dubawa, in ga abin da ya shigo. Jami'in da na samu ya ce, "Malam, ina shaidar an cire, kuma ina shaidar an kawo mana?" Na rasa amsa.

Ku lura, tambayoyi biyu ya yi. Cirewa daban, kaiwa daban. Doka ta wajabta wa ma'aikata ta kai harajin da ta cire kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce, ta kuma miƙa jerin sunayen ma'aikatanta da abin da aka cire wa kowa zuwa 31 ga Janairu. Wani wurin aikin yana cirewa ya riƙe, wani ya tura kuɗin a dunƙule babu jerin sunaye. Hukuma kuwa ba za ta mayar maka da abin da ba ta gani da sunanka ba. Kamfanin da na bari ya biya, amma bai haɗa da jerin sunaye ba, sai na koma ina bin tsohon akantanmu ina roƙon takardar da zan iya karɓa cikin sauƙi lokacin da nake ciki. Wanda ya bar wuri, ganin mutanen wurin ma wahala yake yi masa.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo. Ban san cewa ni ma akwai bayanin kuɗin shiga na shekara da ya kamata in cike da kaina zuwa 31 ga Maris ba. Na ɗauka tunda ana cirewa daga albashi shi ke nan. Alhali da wannan bayanin ne ake ƙididdige ainihin harajinka na shekara, a kwatanta da abin da ka riga ka biya. In babu shi, babu inda rarar za ta bayyana. Sai da na cike na baya kafin a buɗe maganata.

Za ku ji ana cewa ai cikin kwana 90 doka ta ce a mayar da rarar. Haka ne, amma ƙirgen ba ya farawa daga ranar da ka je ka yi ƙorafi. Sai an binciki takardu an tabbatar akwai rara. Ni kuwa da baki na yi ta zuwa ina bayani, ana saurarona da mutunci, ina komawa gida ina ƙirga kwanaki. Maganar baki ba ta shiga fayil. Rubuta wasiƙa, ka haɗa kwafin takardunka, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Wannan kwafin ne za ka riƙa nunawa duk zuwa.

Sai maganar suna. A banki ni Muhammad ne, a lambar harajina ta TIN an rubuta Mohammed, kuma an juya sunan mahaifina ya zo farko. Mu Hausawa wannan yana cinmu ƙwarai, domin suna ɗaya yana da rubutu uku ko huɗu. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Ku daidaita sunanku a TIN, NIN da BVN tun ba ku buƙata ba.

Akwai kuma tambayar wa za ka je wurinsa. Harajin albashi na jihar da kake zaune ne, kuma a nan Kaduna hukumar harajin jiha, wato KADIRS, ce ke karɓa. 'Yan sanda nasu yana tafiya hukumar harajin tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu kuma NRS. Masu zama a Rigasa ko Kawo suna aiki a Abuja su bincika inda ma'aikatarsu ke tura nasu. In an tura wata jiha bisa kuskure, sai an fara warware wannan kafin a zo batun rara.

Masu 'yar kwangila a gefe, ku ma ana cire muku haraji tun kafin a biya ku. Kada ka karɓi kuɗin aikinka ka tafi ba tare da neman takardar shaidar an kai abin da aka cire da sunanka ba. Ita ce za a rage maka da ita a ƙarshen shekara.

Da aka tabbatar da tawa rarar, an ba ni zaɓi: ko in jira a biya ni, ko a rage daga harajina na gaba. Na dage sai kuɗi a hannu, na ƙara wa kaina jira, domin fitar da kuɗi daga asusun gwamnati yana bin sa hannun mutane da yawa. Idan kana da aiki a hannu kuma kuɗin ba su da yawa, shawarata ka karɓi ragin. Wanda kuma ya tare ka a bakin ƙofa ya ce zai hanzarta maka in ka ba shi na goro, ka wuce shi. In kana ganin an ƙididdige maka ba daidai ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa, kuma kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kaduna take zama.

Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun cire haraji daga naira 800,000 na farko a shekara, sun kuma kawo rangwamen kuɗin haya: kashi 20 cikin 100 na hayar da kake biya, iyakarsa naira 500,000. Akanta ba zai san nawa kake biyan mai gida ba sai ka gaya masa. Da yawanmu a Tudun Wada ko Unguwar Rimi hannu da hannu muke biyan haya, babu rasit. Ka nemi mai gidanka ya rubuta maka, ka kai wa akanta kwafi tun farkon shekara, don a cire maka daidai tun daga albashin Janairu.