Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Ruwa Ya Ɗauke a Bakin Inji

Assalamu alaikum masu bibiyata. A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga ɗakin cire haƙori aka mayar da ni aiki a ɗakin masu sa wayar jera haƙora. A can na fara ganin yadda ake kankare gefen haƙori.

Wanda haƙoransa suka yi cunkoso suna hawa kan juna, ba kullum ne sai an cire masa ɗaya ba. Wani lokaci likita kan rage farin ɓawon haƙori ta gefen da yake haɗuwa da ɗan'uwansa, abin da bai wuce rabin milimita ba tsakanin haƙora biyu, sai a samu filin da waya za ta jera su. Ana yi da hannu da wani siririn ƙarfe mai kaushi, ko da faifai mai juyawa, ko da tsinken inji mai tsananin gudu, hanyar da wani likita a Amurka, John Sheridan, ya yaɗa tun 1985. Nawa aikin shi ne riƙe bututun da ke zuƙe yawu, idona a kan feshin ruwan da ke fita daga bakin injin.

Wata rana da la'asar aka kawo wata yarinya 'yar sakandare, haƙoranta na gaba na ƙasa sun cushe. Dakta ta fara aiki ke nan, sai na ga feshin ya koma ɗigo, ɗigon ma ya tsaya. Farar ƙura ta tashi daga tsakanin haƙoran, wani ƙauri ya doki hancina. Na ce, "Dakta, ruwa ya ɗauke." Kafin in rufe baki ta ɗage ƙafarta daga matakin injin.

Uwar yarinyar ta matso. "Likita, ai saura kaɗan, ki ƙarasa mata mana, tafiya ce a gabanmu."

"Ki yi haƙuri, Hajiya," in ji Dakta. "Haƙorin 'yarki ne, ba zan dafa mata shi ba."

Ta ajiye injin, ta ɗauki ƙarfen hannu ta ƙarasa a tsanake, ta goge wurin ya yi sumul, ta shafa fuloraid, maganin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Aikin ya ja lokaci, Hajiya ta tafi tana ƙunƙuni.

Bayan an tashi, Dakta ta ɗauko wani tsohon haƙori da aka tsaga biyu ta ɗora mini a tafin hannu. A tsakiyarsa akwai ɗan kogo. Ta ce nan jijiya da hanyoyin jini suke, kuma kogo ne mai bango mai tauri, idan abin da ke ciki ya kumbura ba shi da inda zai faɗaɗa, sai ya shaƙe jininsa ya mutu. Ta ce yadda wuƙa ke zafi a kan dutsen wasawa har sai an yayyafa ruwa, haka haƙori yake a ƙarƙashin inji. Ta gaya mini binciken da Zach da Cohen suka yi a kan birai a 1965: da zafin cikin haƙori ya ƙaru da digiri 5.5 kacal a ma'aunin Salshiyas, jijiyar kashi 15 cikin 100 na haƙoran ta mutu. Da ya ƙaru da kamar digiri 11, asarar ta kai kashi 60.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haƙoran gaba na ƙasa su ne mafi ƙanƙanta, ɓawonsu siriri, zafi ba ya daɗewa yake kaiwa ciki, ga shi kogon jijiyar yara ya fi na manya faɗi. Kuma ɓarnar ba lallai ta nuna a ranar ba. Sai bayan watanni a ga haƙori ya fara duhu, ko dasashi ya yi ƙurji. Shi ya sa har yau raina ke ɓaci idan na ji wani ma'aikaci ya ce ruwa yana hana shi ganin wurin aiki. A tsaya, a busar, a duba, a ci gaba; bai kai asarar jijiyar yaro ba.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin wata amarya da ta zo mana tana kuka, bayan wani a unguwarsu ya yanka mata wushirya da magagari.