Schottenuhr: Sunan da Ya Ci Mini Kuɗin Sarƙa

Har yanzu in na tuna sai haushi ya kama ni. Tsohon agogon bango aka kawo mini ba sarƙa, a jikin takardarsa an rubuta Schottenuhr. Na san Uhr agogo ne, daga hora ta Latin, wato sa'a. Na kuma san Schotte a Jamusanci mutumin Sikotlan ne. Shi ke nan na yanke hukunci, na yi odar sarƙa irin ta dogayen agogunan Birtaniya.

Sarƙar ta iso, zobbanta sun yi wa haƙoran faifan da ake rataya ta a kai girma. Da na rataya ƙarfen nauyi sai ta zame, ƙarfen ya faɗo tim!

Ashe agogon bai taɓa shaƙar iskar Sikotlan ba. Ɗan Schwarzwald ne, Baƙin Dajin kudu maso yammacin Jamus. Bayanin da masana agogo suka fi riƙewa shi ne sunan ya fito daga wani gidan gona, Schottenhof, a kwarin Jostal kusa da Neustadt, inda Johann Dilger ya riƙa ƙera irinsa a ƙarni na 18. Gidan gona fa! Kuma al'adar yankin ke nan: ƙaramin agogon Jockele sunan maƙerinsa Jacob Herbstreith ya ɗauka, Sorguhr kuwa, autansu a girma, sunan gidan Sorg na Neustadt. A wajen masu sana'ar, sunayen nan sun koma ma'aunin girman inji, Schotten ya fi Jockele, Jockele ya fi Sorg.

Abin takaicin, shaidar tana gabana tun ranar farko. Firam ɗin injin katako ne, an dasa masa 'yan bututun tagulla inda sandunan faya-fayan haƙora ke juyawa, fuskar kuma allo ce mai fenti. Dogayen agogunan Birtaniya farantan tagulla gare su. Da na buɗe ƙofar gefe na leƙa kafin in buɗe ƙamus, da kuɗina na aljihuna.

Sarƙa kuwa, kada ka saya da suna. Auna tazarar haƙoran faifan, ko ka samo guntun tsohuwar ka ƙirga zobba nawa ne a santimita 10, ka kuma auna kaurin wayar. Ƙaramin bambanci ma ya isa ta riƙa tsallake haƙori. Waccan sarƙar ta farko tana nan cikin gwangwani, ban sami mai saye ba.