Tambayar da Goggo ta yi mini a kan kuturta

A shekarar da na fara aikin jinya cikin unguwanni a nan Akra, Goggo ta aiko in same ta a gidanta na Mamobi. Ɗanta ya ga yarinya a Nima, magana ta yi nisa, sai masu bincike suka dawo da labarin cewa kakan yarinyar na wajen uwa ya ƙare rayuwarsa a mazaunin masu kuturta na Weija. Ta ce, "Ɗiyata, ke kika yi karatun asibiti. Tsakaninki da Allah, gado ne ko ba gado ba ne?" Na ba ta amsar da muka haddace: ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba ruwanta da gado, ba ruwanta da haɗa kifi da nono. Ta dube ni ta ce, "To me ya sa take bin gida?" Na yi shiru, domin ni ma na ga gidajen da ta bi.

Wannan shirun ya mayar da ni karatu. Ashe gardamar tsohuwa ce. A 1873 wani likita a birnin Bergen na ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya gano ƙwayar, alhali malaminsa kuma surukinsa Danielssen ya tsaya kai da fata cewa gado ce. Hansen ke da gaskiya. Ƙwayar tana fita ta hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare take kama wani. Takan yi shekara biyar kafin ta nuna, wani lokaci har ashirin. Amma kusan mutum 95 cikin 100, ko ta shiga jikinsu, garkuwarsu na kashe ta ba su ma sani ba. Ragowar biyar ɗin su ne tambayar Goggo.

A nan gado ya shigo. An daɗe da lura a Indiya cewa tagwaye masu kama ɗaya sun fi yawan kamuwa tare fiye da waɗanda ba su yi kama ba. A 2004 bincike a kan iyalai a Biyetnam da wasu mutane a Barazil ya nuna wani wuri a ƙwayoyin gado, PARK2, da ke ƙara sauƙin kamuwa. A 2009 wani babban bincike a Sin ya ƙaro wasu, ciki har da NOD2, wanda aikinsa shi ne jin shigowar baƙuwar ƙwaya cikin tantanin jiki ya yi kururuwa. Akwai kuma dangin ƙwayoyin gado da ake kira HLA, masu ɗaga guntun ƙwayar cutar su nuna wa sojojin jiki don su gane ta. Wani nau'insu ya fi wani iya nunawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙwaya ɗaya ke zama ciwo iri biyu. Na ga mai tabo ɗaya ko biyu masu haske, busassu, ba sa jin auduga in an shafa. Jikinsa ya kewaye ƙwayar ya tsare ta, har da wuya a same ta a gwaji. Na ga wanda kunnuwansa suka yi kauri, gira ta zube, ƙwayar ta cika fata, domin garkuwarsa ta ɗauki hanyar da ba ta kai. Bambancin yana jikin mai masauki, kuma wani ɓangarensa daga iyaye ya zo. Ganin haka ya sa na daina faɗin "ba ruwanta da gado" da ƙarfin da nake faɗa da.

Sai dai na ji tsoron wannan ilimi, har yanzu ina ji. A Zango mun saba da gwajin sikila kafin aure, inda takarda ke cewa AA ko AS ko SS, a yanke magana. Mutum na jin "ƙwayar gado" zai zaci kuturta ma haka take. Ba haka take ba. Ƙwayoyin gadon da ke da hannu suna da yawa, kowace ɗan kaɗan take ƙarawa ko ragewa, kuma wanda ya gaje su duka ba zai kamu ba muddin bai zauna da mai ɗauke da ciwon da ba a yi wa magani ba. Magani kuwa kyauta ne tun 1995: haɗin rifamfisin da dafson da kilofazimin, wata 6 ko 12, kuma da an fara sha yaɗawa ta tsaya. Yatsun da muke gani sun gutsure, jinkirin zuwa asibiti ne ya bar jijiya ta mutu, jinkirin kuma kunya ce ke kawo shi. Duk gidan da aka hana aure, gida goma sun koyi ɓoye tabo.

Bayan mako uku na koma Mamobi. Na ce, "Goggo, rabin amsa na ba ki rannan. Katanga ake gado, wata doguwa wata gajeriya, amma ɓarawon daga waje yake zuwa." Ta tambaya ko akwai gwajin da za a yi wa yarinyar kamar na sikila. Na ce babu, kuma ba a buƙata. Kakan ya rasu tun ba a haife ta ba, mahaifiyarta ta haura hamsin lafiya lau. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ƙwala wa jikanta kira, ta ɗaga rigarsa ta nuna mini wani farin tabo a kafaɗa da ta ce ya hana ta barci wata biyu. Na ciro auduga a jaka, na ce ya rufe ido, na shafa. Ya ce yana ji. Makero ne, na rubuta masa man shafawa. Ranar Juma'ar da ta biyo baya aka kai goro Nima.