Tazarar 44: yadda kwalbar da na wanke da hannuna ta cinye mini mako uku a kan MALDI

Har yau idan na ci karo da lamba 44 sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Maikrolita 40 na furotin nake da shi, wanda na shafe wata biyu ina tacewa daga ƙwayoyin bakteriya, kuma abin da aka ce in yi ba wani abin azo a gani ba ne: in yayyanka shi da tirifsin, wato sinadarin da ke yanka furotin zuwa ƙananan gutsattsari da ake kira feftaid, in ɗiga a farantin MALDI, na'urar da ke auna nauyin gutsattsarin nan da hasken leza, in tabbatar shi ne furotin ɗin da muke zato. Aikin yini biyu ne. Ni ya ɗauke ni mako uku, kuma ranar da na gano matsalar maikrolita 3 kacal suka rage a gindin bututu.

Ranar farko komai ya tafi daidai, ko kuma haka na ɗauka. Na narkar da matirik ɗin CHCA, wato sinadarin da ake gauraya samfuri da shi domin ya shanye hasken leza, a ruwan asetonaitiril rabi da rabi mai ɗan asid ɗin TFA kashi 0.1 cikin ɗari, na gauraya da samfurina, na ɗiga, na bar shi ya bushe. Malamin da ke kula da na'urar, wani dattijo mara yawan magana, ya riga ya ɗiga nasa ma'aunin saiti, wato feftaid ɗin da aka riga aka san nauyinsu, a gefen farantin. Muka harba leza a kansa, sai ga anjiyotensin II a 1046.54 da guntun ACTH a 2465.20, tsinin kowanne, wato layin da ke nuna nauyinsa a allo, siriri kamar allura. Na'ura lafiya lau. Ya tashi ya bar mini kujera.

Da na koma kan nawa ɗigon sai allon ya cika da tsini, tun daga wajen 600 har ya haura 1,500, a jere kamar haƙoran matsefi, suna hawa a hankali su kai ƙololuwa sannan su gangaro. Abin kunya shi ne murna na yi. Na ce kai, dubi yawan feftaid! Na kwashe lambobin na zuba a manhajar bincike, ta dawo mini da babu. Ko furotin ɗaya bai dace ba.

Sai na ce gishiri ne. Wannan kowa ya san shi: idan sodiyam ya maye gurbin haidurojin, tsini kan matsa gaba da 22, na fotasiyam kuma da 38, kuma gishiri mai yawa yana hana matirik daskarewa yadda ya kamata. Na ɗauko tsinken fifet mai C18, wanda ke riƙe feftaid ya bar gishiri ya wuce, na wanke samfurin, na zubo shi da ruwan asetonaitiril, na busar, na sake ɗigawa. Matsefin ya dawo, har ya fi na jiya ƙarfi. Na sake wankewa. Ya ƙara ƙarfi. A nan ne ya kamata in dakata in tambayi kaina wane irin datti ne wannan da wanka ke ƙara masa ƙiba. Maimakon haka sai na yanke hukuncin cewa tun a wurin tace furotin aka samu matsala, na ɗebi wani kason daga ɗan abin da nake tattali na sake yanka shi daga farko. Sau huɗu ina yin haka, kowane karo kusan maikrolita 8 zuwa 10 na tafiya.

A mako na biyu na shiga wasa da ƙarfin leza, kuma wannan ma ɓarna ce mai zaman kanta. Duk taushin da ake yabon MALDI da shi yana kusa da bakin iyaka ne, wato ɗan sama kaɗan da ƙarfin da ayon, wato ƙwayoyi masu caji, ke fara tashi. Matirik ne ke shanye hasken, ko na naitirojin mai nanomita 337 ko na Nd:YAG mai 355, ya yi tsalle daga faranti ya ɗauki feftaid tare da shi, ya miƙa masa furoton ɗaya, wato ƙwayar caji, ba tare da ya karya shi ba. Da zarar ka wuce iyakar nan da yawa, taushi ya ƙare. Ni kuwa na yi ta murɗa ƙarfin sama ina fatan feftaid ɗina su leƙo daga ƙarƙashin matsefin. Abin da na samu shi ne tsini masu kumburi waɗanda ba a ko iya rarrabe aisotof ɗinsu, tarkacen matirik a 190 da 379 suka miƙe suka cika ƙasan allo, kuma a kyamarar na'urar ina kallon ɗigona yana zama ramuka baƙaƙe. Ɗigon da zai iya ba ni harbi dubbai na ƙone shi cikin minti biyar.

Daga nan na ce to CHCA ne bai dace da samfurina ba, bari in koma wani matirik ɗin, DHB. Shi DHB ba ya bushewa sumul, dogayen allurai yake fitarwa a gefen ɗigo, sai ka yi ta yawo da leza kana neman gurbin da ke ba da sigina. Na yi yini guda ina wannan farauta. Da na samu gurbin, matsefin ya fito tsaf, kyakkyawa fiye da kowane lokaci. Daga baya na gane dalili: DHB na cikin matirik ɗin da masu nazarin folima, wato sinadaran da gaɓa iri ɗaya ke maimaituwa a jikinsu, ke zaɓa da gangan don irin wannan sinadarin. Kuma da wane ruwa na narkar da shi? Da na kwalbata dai, wanda nake amfani da shi tun ranar farko.

Abin da ya rufe mini ido tsawon wannan lokaci lissafi ne da na ɗauka mai ƙarfi ne. Ma'aunin saiti yana fitowa fes a kan faranti ɗaya, a rana ɗaya, saboda haka na'ura ba ta da laifi, matirik ba shi da laifi, laifin na samfurina ne. Ban taɓa tsayawa na lura cewa Malam da nasa ruwan yake haɗa nasa matirik ba, daga tasa kwalbar da ke kulle a kabad. Ɗigonsa da nawa faranti kawai suka haɗa.

Ranar da abin ya warware, shigowa ya yi zai canja faranti ya tarar da ni na zabga tagumi. Ya tsaya a bayana ya dubi allon, bai fi daƙiƙa goma ba.

"Cire wannan tsinin daga na gabansa," in ji shi.

Na cire. "44.03, Malam."

"Na gaba fa?"

"44.03."

"To ai wannan ba furotin ba ne, ɗana, sabulu ne. Ina fankonka?"

Na yi shiru. Fanko, wato matirik shi kaɗai ba samfuri, ɗigon da ba ya cin komai sai rabin maikrolita na ruwan da nake da shi cike da kwalba. Ban ɗiga ba ko sau ɗaya cikin mako uku. Na fara cewa, "Malam, ai na ga ma'aunin saiti yana..." sai ya ɗaga hannu ya ce in je in ɗiga kawai.

Abin da ya fi ci mini rai ba fankon ba ne ma, ragin ne. Mako uku ina kallon lambobin nan, na kwafe su, na tura su manhaja, amma ban taɓa cire ɗaya daga ɗaya ba. Feftaid ɗin da tirifsin ya yanka ba sa jeruwa da tazara iri ɗaya, domin inda laisin da ajinin suka faɗo a jikin furotin nan yake yanka, tsawonsu kuwa ya sha bamban. Duk abin da ya jeru daidai wa daida folima ne. Tazarar 44.03 kuma nauyin gaɓa ɗaya ce ta etilin oksaid, kabon biyu, haidurojin huɗu, oksijin ɗaya, wadda ita ce ƙashin bayan PEG da Triton X-100 da Tween da sinadaran kumfa da ke cikin sabulun ruwa da yawa. Irin waɗannan suna cafke sodiyam cikin sauƙi, suna taruwa a saman ɗigo, su kwashe cajin su bar feftaid a ɓoye.

Na ɗiga uku a jere: CHCA a ruwana, CHCA a ruwan Malam, sai CHCA a ruwan Malam da na ƙara wa ruwan da nake wanke tsinke da shi. Na farko kaɗai ya ba da matsefi. Kwalbar gilashin da na haɗa asetonaitiril ɗina a ciki ce. Ni na wanke ta, ranar farko, da sabulun ruwan da ke bakin famfo, na ɗauraye sau uku ina jin ni mai tsafta ne. Kuma da ruwan cikinta nake narkar da matirik, da shi nake zubo feftaid daga tsinken C18, sannan in busar, wato duk wankin da na yi ƙara tattara sabulun nake yi a kan samfurin. C18 ma ba ya rabuwa da irin wannan datti, riƙe shi yake yi ya sako shi tare da feftaid.

Wani abokin aikina ya so ya kwantar mini da hankali da labarin Koichi Tanaka na kamfanin Shimadzu a Japan, wanda kuskuren haɗa giliserol da garin kobalt ya kai shi ga tayar da furotin da leza ba tare da ya farfashe ba, har ya samu rabon kyautar Nobel ta 2002 tare da John Fenn da Kurt Wüthrich. Na ce masa ya ƙyale ni. Hanyar da muke bi a kullum ma ta Michael Karas da Franz Hillenkamp ce ta Jamus, waɗanda suka raɗa sunan MALDI a 1985, kuma su ba su shiga rabon kyautar ba. Nawa kuskuren dai wata biyu na aiki ya kusa cinyewa.

Yanzu kowane faranti da zan ɗiga, gurbin farko na fanko ne, kuma da ruwan da na haɗa samfuri da shi, ba na wani ba. Idan na bi samfuri ta tsinken C18, sai na bi da ruwa zalla ta wani tsinken in ɗiga shi ma. Ba na ƙara ƙarfin leza sai na fara daga ƙasa, in hau kaɗan-kaɗan har sigina ta ɓullo, in tsaya nan. Kuma sabulu ba ya kusantar duk kwalbar da za ta taɓa wannan aiki: metanol da ruwa mai tsarki nake ɗauraye ta da su, ko in ɗauko sabuwa. Idan ɗalibi ya zo mini da allo cike da tsini yana murmushi, kafin ya buɗe baki nake cewa ya yi ragi.

Farantin ma sai da muka jiƙa shi a metanol muka saka a bahon girgiza sau biyu, domin guraben da na yi ta ɗigawa sun riƙe sabulun. Sannan na ɗauki maikrolita 2 daga cikin 3 da suka rage, na yanka da tirifsin, hannuna na rawa. Na haɗa da ruwan Malam. Harbin farko sai ga 842.51 da 2211.10, gutsattsarin da tirifsin ke yanka daga jikinsa, waɗanda a da nake ɗauka datti ne, ranar kuwa da su na ƙara saita lambobina. A tsakaninsu feftaid ɗina ne a warwatse, kowanne da nasa nauyin, ba biyu da ke da tazara ɗaya. Manhaja ta kamo furotin ɗin a layin farko. Malam ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce in rubuta sunana a jikin kwalbar nan in ajiye ta can nesa da kabad ɗinsa.