Zakaru bakwai a gida ɗaya

Kaza ba ta shawara da mai gida idan za ta ƙyanƙyashe. Ta kwanta kwana 21 a kan ƙwanta, ta fito da 'yan tsaki kowa na murna, sai an yi wata biyu zankaye sun fara ja sannan a gane kusan rabinsu maza ne. Haka ta faru da mu a Yelwa ta Bauchi bara. Kaji biyu suka yi kwanci lokaci ɗaya bayan damina, kafin watan Maris muka wayi gari da samarin zakaru bakwai, ban da babban jan zakaran da yara ke kira Sarki. Matan kuwa duka-duka tara ne.

Wanda bai taɓa kiwo ba zai ce ai arziki ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma, abin da ya ƙaru a kai fitina ce. Bayan kajin duk ya tsige saboda yawan barbara, biyu suka daina ƙwai suna laɓewa bayan randa. Kullum faɗa, har wani ya rasa ido. Ga dusa da dawa suna tafiya kamar ana zuba su a rijiya. Maƙwabcina mutumin kirki ne, bai taɓa kawo ƙara ba, sai dai wata asuba muna fitowa daga masallaci ya ce, "Malam, ya ladanan gidanka?" Na fahimci karatun.

Maman yara ce mai kajin, ita ta yanke hukunci a sayar da biyar. Autarmu ta yi ta kuka, uwar ta ce mata sabo da kaza ba ya hana yanka.

Abin da na yi ranar kai su kasuwa har yanzu ina jin kunyarsa. Na taso daga makaranta wajen ƙarfe ɗaya, a tsakiyar zafin Afrilu na Bauchi. Na ɗaure ƙafafunsu da robar taya, na rataye su a kan babur, uku a dama biyu a hagu, kai ƙasa, yadda na taso na ga kowa yana yi. A hanya na tsaya layin mai, na fi rabin awa, babur a rana. Ina jin suna haki, ban kawo komai a raina ba.

Da na isa wajen 'yan kaji a kasuwar Muda Lawal, wani dattijon dillali ya tare ni. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya ajiye a inuwa. Guda bai motsa ba, ya riga ya zama mushe. Na biyun ido ya juye, baki a buɗe, nan take ya ƙwala wa wani yaro kira ya kawo wuƙa aka yanka kafin shi ma ya bi ɗan'uwansa. Sauran ukun ya yayyafa musu ruwa, ya sa musu wani a murfin roba.

"Malam, ai ka fara dafa su tun a hanya," in ji shi.

"Baba, ban daɗe ba fa."

Bai amsa ba. Ya ɗauki ɗaya ya shafa ƙashin ƙirjin da babban yatsa don jin nama, ya buɗe fiffike, sannan ya nuna mini inda robar ta ci ƙafa har ta kumbura. Ya ce mai saye da ya ga zakara ya kasa tsayuwa zai ce mara lafiya ne, ko rantsuwa ka yi masa. Haka kuwa aka yi. Tayin farko na ce albarka, na biyu ma, na uku na sallama don ba ni da bakin magana. Da aka cire la'ada, kuɗin biyar ɗin bai kai na uku masu lafiya ba.

Daga baya wani abokina likitan dabbobi ya warware mini. Kaza ba ta gumi, kuma zafin jikinta da ma ya kai digiri 41, hakin nan shi ne hanyarta ta shan iska. Ba ta kuma da tantanin da ya raba ƙirji da ciki irin namu, to idan ka juya ta kai ƙasa kayan cikin sai su danne mata numfashi. Ni da nake koya wa yara hadisi na 17 na Arba'una, wanda ya ce a kaifafa wuƙa a hutar da abin yanka, na ɗauka maganar a kan wuƙar kaɗai ta tsaya.

Ya ƙara ja mini kunne a kan wani abu: kazar da ta je kasuwa kada ta dawo akurki. A keji ɗaya za ka ga kajin ƙauyuka daban-daban da zabi da agwagi suna shan ruwa ɗaya. Nan ake kwaso cutar fakat, musamman da hunturu, ta share gida cikin mako. Waɗanda suka yi kiwo a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna ta iso har jiharmu, ba sa bukatar a tuna musu. Yanzu ina ɗiga wa namu Lasota, maganin rigakafin fakat, kuma idan ciniki bai faɗa ba, gara na yanka a ci a gida.

Bana zakaru huɗu suka ƙaru. Na sayi babban kwandon kaba, na shimfiɗa buhu a ciki, na fita bayan sallar asuba ranar Asabar ba tare da na ɗaure ko ɗaya ba. Ina sauke kwandon wani baƙi mai dogon ƙaimi ya miƙe wuya ya tsala cara a gaban dattijon nan. Ya yi dariya ya ce, "To, wannan ya yi wa kansa talla." Ban gama gaisawa da shi ba wata Hajiya mai shirin suna ta ɗauke biyu.