Iskar da ke sa barci a ɗakin tiyata

Maganin sa barci da ake shaƙa yana bi ta huhu ya shiga jini, daga nan ya isa ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansa ta huhun yake ficewa da zarar an rufe na'ura. Shi ya sa likita yake iya ƙara zurfin barcin ko rage shi cikin 'yan mintoci, kuma a ganina wannan ce babbar fa'idarsa.

Maganin iri-iri ne, kuma ana auna ƙarfin kowanne da adadin da ke hana rabin majiyyata motsi idan wuƙa ta tsaga fata: kusan kashi 2 cikin ɗari na iskar huhu ga sebofuluren, 1.2 ga aisofuluren, 6 ga desfuluren. Tsofaffi suna buƙatar ƙasa da haka. Sebofuluren ba ya damun maƙogwaro, don haka da shi ake fara sa yara barci ta abin rufe hanci da baki, yayin da desfuluren ke jawo tari.

Dukkansu suna saukar da hawan jini, suna kuma raunana numfashi. Wani nau'insu mai suna halotan, wanda aka fara amfani da shi a 1956, ya ja baya saboda illar da yakan yi wa hanta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wani zazzaɓi na gado da wannan iskar kan tayar wa wasu mutane, inda tsoka ke sandarewa, zuciya ta yi ta gudu, zafin jiki ya hau. Nan take ake tsayar da iskar a yi allurar dantirolin. Saboda wannan ne likita ke tambaya ko wani ɗan uwa ya taɓa samun matsala a tiyata.